Rajistar dawaki da fasfonsu a ƙasashen Tarayyar Turai

A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta wajabta wa kowane doki da jaki da alfadari takardar shaida da ake kira fasfo. Ana yin ta kafin duƙushi ya cika wata 12, kuma ita ce za ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Likitan dabbobi ko ma'aikacin da aka amince da shi ne yake rubuta kamannin dabbar: launinta, da farin goshi ko na ƙafafu, da wuraren da gashi ya murɗe. Tun daga 1 ga Yuli 2009 ake dasa wata na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a wuyan doki, ɗauke da lambar da ba ta canzawa. A Faransa, hukumar IFCE da aka kafa a 2010 ce take riƙe da rajistar ƙasa mai suna SIRE.

Fasfo yana amfani ne idan ana sabunta shi. Ana rubuta alluran rigakafi a ciki, kuma wanda ya sayi doki sai ya sanar da hukuma cikin kwana 30. Idan dabba ta mutu, ana mayar da takardar.

Babban dalili shi ne lafiyar jama'a, domin ana cin naman doki a Turai. Dokin da aka ba maganin phenylbutazone, ana rubuta a fasfonsa cewa an hana yanka shi don ci har abada. Bayan an gano naman doki cikin abincin da aka sayar da sunan na shanu a 2013, an ƙara tsaurara dokar.