Anza, aduwa da itacen pin: abincin daji da ya tsare rayuka

 Yau hirarmu ta tarihi kan abincin da ake samu a jikin itace ne, wanda mutane da dama ke jin kunyar ambata.

Mu fara da ƙasashen sanyi, inda itacen pin da danginsa suke, masu ganye siriri kamar allura. A hunturun 1535 zuwa 1536, ƙanƙara ta tsare jiragen ruwan Bafaranshe Jacques Cartier kusa da inda birnin Kebek na Kanada yake yau. Rashin bitamin C ya sa dasashin mutanensa ya kumbura, haƙora na zuba, 25 suka mutu. Wani ɗan ƙasar mai suna Domagaya ne ya nuna musu itacen da za su dafa ganyensa da ɓawonsa su sha, sauran suka warke. A Finlan kuma, lokacin yunwar 1866 zuwa 1868 da ta kashe mutum sama da 100,000, talakawa sun riƙa kankare farin ɓawon ciki na pin, su gasa, su niƙa, su haɗa da garin hatsi su yi burodi. Suna ce masa pettu, kuma har yau ana sayar da garinsa a matsayin abincin gargajiya.

To mu nan ba mu da pin, amma muna da anza. Kakanninmu sun ga yunwar 1913 zuwa 1914 da Hausawa ke kira Kakalaba, sun ga ta 1931 da fara ta cinye gonakin ƙasar Zabarma. Iyayenmu sun ga farin 1973, wanda bayansa Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, sannan ta 1984. Duk lokacin da rumbu ya ƙare, daji ake nufa: 'ya'yan anza, aduwa, goruba, magarya, ganyen kuka.

Aikin anza ba wasa ba ne fa. Tana da ɗaci, kuma cin ta ba a gyara ba yana cutarwa. Sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita, kafin a dafa ta kamar wake. Mata ne suka riƙe wannan ilimi, uwa ta koya wa ɗiya, ba a lakwal ba.

A 2005 'yan jaridar waje suka nuna mata na tsinkar anza a matsayin shaidar yunwa, shugaba Mamadou Tandja kuma ya musanta cewa akwai yunwa. Cikin wannan gardama anza ta ƙara zama abin gori, abincin wanda ya rasa. Amma a Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods na sayen ta daga matan karkara, yana wanke ta yana sayarwa, har da man aduwa.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970 Harobanda ke faɗaɗa, unguwanni na cin daji. Ku tsaya bakin hanyar Torodi ko ta Say, ku ƙirga kamyon itacen wuta da ke shigowa Yamai. In itacen ya tafi, tsohuwar da ta iya gyara shi ma ta tafi, me jikokinmu za su nufa ran da damina ta ƙi?

Mai kaka a gida, don Allah ya tambaye ta kwana nawa ake jiƙa anza, ya rubuta ya ajiye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da yunwa. Amin.