Da tsohuwar zuma ake magani

Duk wanda ya riski zamanin da kaset ke yawo a kasuwanni da tasoshin mota, ɗauke da wa'azi da waƙa, ya san siririn zaren nan da ke naɗe a cikinsa. Irin wannan zare mai maganaɗisu shi ne tsohon rumbun kwamfuta. Fritz Pfleumer ne ya ƙirƙiro shi a Jamus a 1928 domin ɗaukar murya. A 1951 kwamfutar UNIVAC ta Amurka ta fara adana bayanai a kan zare, IBM kuma ta biyo baya a 1952 da na'urarta mai lamba 726. Na'urorin wancan lokaci sun kai girman kabad, ma'aikaci ne ke ɗaura musu naɗin zare da hannu, kuma sai manyan kamfanoni da hukumomi ke iya mallakarsu.

Ƙanƙancewar kaset ce ta sauko da wannan al'ada zuwa ƙananan ofisoshi. Kamfanin 3M ya fito da QIC a 1972, Sony da HP suka fito da DDS a 1989, sannan IBM da HP da Seagate suka haɗa kai kan LTO, wanda ya shiga kasuwa a 2000 da kaset mai ɗaukar gigabait 100. Na'urar kaset ɗin ta yi ƙanƙantar da za a zura ta a gaban uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis, a gurbin nan mai faɗin inci 5.25 da ake sa na'urar CD. Ma'aikaci zai kashe wuta, ya buɗe akwatin, ya ɗaure ta da kusoshi, ya jona wayar SCSI, ya ba ta lambar da ba ta yi karo da ta wata na'ura ba, ya toshe ƙarshen layin. Yau wayar SAS ta rage wannan wahala. Sai dai ainihin aikin yana farawa ne bayan an rufe akwatin. An saba da tsarin da ake kira kaka da uba da ɗa: kaset na kullum, na mako, da na wata, ɗaya kuma a kai shi wani gini dabam. A nan darajar kaset take. Ana zare shi daga kwamfuta, ya yi nesa da gobara da ɓarawo da kuskuren da zai iya afka wa uwar garken.

Masu suka na cewa kaset na da jinkiri, don sai an warware zaren kafin a kai ga abin da ake nema. Haka ne, amma ba kullum ake buɗe rumbu ba; abin da ake so shi ne ranar da aka buɗe a tarar da hatsi. Wasu kuma na ganin ajiya ta intanet ta kashe kasuwarsa. A 2011 wata matsalar manhaja ta ɓatar da saƙonnin wasu masu amfani da Gmail, har ta taɓa kwafe-kwafen da ke kan fayafai, sai daga kaset Google ta dawo da su. Cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba ma a kan kaset take taskance tarin sakamakonta. Ga kuma masu kutsen da ke kulle bayanai su nemi kuɗin fansa: suna iya kaiwa ga duk abin da ke jone da intanet, amma hannunsu ba ya kaiwa ga kaset ɗin da ke kwance cikin durowa.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta tsada da kulawa. Na'urar na da tsada, ƙura da zafi na lalata zare, sabbin na'urori kuma ba sa karanta kaset ɗin da ya tsufa sosai. Ofis ƙarami na iya ganin bai cancanci kuɗin ba, kuma yana da hujja. Amma ga mai bayanai masu yawa, kaset ɗaya na LTO-9 da ya fito a 2021 na ɗaukar terabait 18, ba ya kuma cin wuta yana ajiye. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa gwada dawo da abin da aka adana, domin kaset ɗin da ba a taɓa gwadawa ba daidai yake da rumbun da ba a leƙa ba tun kaka.