Tarihin Zangon Karaban a Birtaniya da Matsalar Manyan Ɗakuna Masu Taya

Karaban ɗaki ne mai taya da mota ke ja a bayanta, da gadaje da madafa a ciki, wani ma har da banɗaki, wanda iyalai a Birtaniya ke fita hutu da shi bakin teku ko cikin karkara. Inda ake sauka a kwana da shi kuwa shi ne zangon karaban, fili ne da aka yanka gurbi-gurbi, kowane iyali da nasa. Abin da ya fi ci wa mai babban karaban tuwo a ƙwarya yau shi ne samun gurbin da zai ɗauki ɗakinsa da motarsa da rumfarsa a lokaci guda. Matsalar tana da asali. An shata yawancin tsofaffin zanguna ne a zamanin da ɗakunan suke ƙanana, doka ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin maƙwabta, daga baya ɗakunan suka yi ta girma alhali filin yana nan yadda yake.

Kafin abin ya zama hutu, sana'a ce da rayuwa. Tun ƙarni na 19 masu wasannin kasuwa da 'yan ƙabilar Romani ke zaga Ingila a cikin kekunan doki masu rufi, a nan suke girki, a nan suke kwana. Wanda ya mayar da abin nishaɗin masu hali shi ne Dakta William Gordon Stables, ɗan Sikotilan, tsohon likitan sojan ruwa kuma marubucin littattafan yara. Ya sa wani kamfanin ƙera kekuna a Bristol ya yi masa ɗaki na katako mai tsada, tsawonsa ƙafa 18, nauyinsa wajen tan 2, dawaki biyu ke jan sa. Ya raɗa masa suna Wanderer, kuma a 1885 ya tashi da shi daga Twyford har Inverness a arewacin Sikotilan. Babu zango ko ɗaya a lokacin. Baransa ne ke yin gaba a kan keke mai taya uku, yana duba hanya, yana neman makiyaya ko harabar masauki inda za a yarda su kwana. Ke nan tun tafiyar farko tambayar ita ce ko ɗakin zai shiga ƙofa, kuma ko ƙasar za ta ɗauki nauyinsa.

A 1907 J. Harris Stone ya jagoranci kafa ƙungiyar Caravan Club, aka ba Stables muƙamin mataimakin shugaba. Cikin ayyukanta na farko har da tattara sunayen manoma da masu filaye da ke barin mambobi su sauka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mota ta karɓi aikin doki. A 1919 kamfanin Eccles na Birmingham, na iyalin Riley, ya fara ƙera karaban da mota ke ja don sayarwa. Motocin wancan zamani ba su da ƙarfi, dole ɗakin ya zama gajere marar nauyi, kuma masu shi ba su da yawa. Mutum kan buɗe ƙyauren gona ya zaɓi gindin bishiyar da ta yi masa, ya biya manomi 'yan kuɗi, wataƙila ya sayi madara da ƙwai a hannunsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafin, ta fuska biyu. Ta fuskar hutu, dokar 1938 ta riga ta buɗe wa ma'aikata da yawa ƙofar hutun mako guda da albashi, sannan a shekarun 1950 mota ta fara shiga gidajen masu matsakaicin ƙarfi. Sam Alper, ɗan gabashin Landan da ya kafa masana'anta a Newmarket, ya fito da karaban mai suna Sprite a kan ƙasa da fam 200, mai sauƙin da ƙaramar motar iyali za ta iya ja. Kasuwarsa ta bunƙasa har ya haɗe da wasu kamfanoni, ciki har da Eccles, a 1963 suka zama Caravans International. Ɗaya fuskar ba ta da daɗin ji. Bama-bamai sun rushe gidaje, gini bai wadatar ba, dubban iyalai suka koma zama a karaban rani da damina, a filayen da sau da yawa babu ruwan famfo, babu magudana, ɗakuna manne da juna. Rahoton Sir Arton Wilson na 1959 ya ƙiyasta mutum kusan 150,000 ne ke zaune a karaban wajen 60,000.

Wannan rahoto ne ya haifi dokar 1960 ta kula da zangunan karaban, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi. Ta wajabta wa mai fili neman izinin tsara gari da kuma lasisi daga ƙaramar hukuma, ta kuma ba minista ikon fitar da ƙa'idojin da hukumomi za su duba wajen rubuta sharuɗɗan lasisi. Daga nan tazara ta shiga takarda, kuma gobara ce dalilinta: ɗakin katako da falle-fallen ƙarfe, da tukunyar gas a gabansa, ba ya ɗaukar lokaci kafin ya ƙone ƙurmus ya kuma kama na kusa. Ƙa'idojin 1983 na zangunan masu yawo sun ce kada karaban ya wuce 75 a hekta ɗaya ta filin da ake amfani da shi, a bar mita 6 tsakanin ɗakin wani iyali da na wani, kuma ko an ajiye mota ko an kafa rumfa a cikin wannan tazara, sai an bar mita 3 fili fetal. Idan aka raba hekta gida 75, kowane iyali ya tashi da murabba'in mita 133 ko kusa da haka. Ga karaban mai ƙafa 12 da ƙaramar mota irin ta shekarun 1960, wannan wadata ce.

Dokar ta 1960 ta bar wata kafa da ta yi amfani ƙwarai. Ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su na iya ba manomi ko mai gidan shaƙatawa takardar shaida ya karɓi karaban biyar ba tare da lasisi ba. Irin waɗannan ƙananan zanguna sun bazu a ƙasar, kuma su ne suka riƙe tsohuwar al'adar sauka a gona. Abin mamaki, sau tari a nan ne babban ɗaki ya fi samun sarari, in dai ya tsallake ƙyauren.

Girman ɗakunan ya biyo bayan ƙarfin motoci da kuma abin da iyali ya saba da shi a gida. Da farko ana mayar da kujeru gadaje da dare, ana wanka a banɗakin zango. Sannu a hankali aka ƙara firji, da na'urar ɗumama ɗaki, da wurin wanka, da gado na dindindin da ba a naɗewa, da gadajen yara hawa-hawa. Kowane ƙari yana cin tsawo. Manya suka koma masu taya huɗu. Reshe ɗaya na karaban ma ya daina yawo gaba ɗaya: dokar 1968 ta amince a kira ɗaki mai ɓangare biyu karaban muddin bai wuce ƙafa 60 a tsawo da 20 a faɗi ba, a 2006 kuma aka ɗaga iyakar a Ingila zuwa mita 20 da mita 6.8. Waɗannan babbar mota ce ke kawo su ta girke, gidaje ne a komai sai suna. Masu yawo kuwa dokar hanya ce ta ɗaure su. Motar da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba ba za ta ja ɗakin da gangar jikinsa ta wuce mita 7 ba, ban da ƙarfen ja na gaba. Faɗi ya daɗe a mita 2.3, sai a Afrilun 2010 aka ɗaga shi zuwa mita 2.55, bayan 'yan shekaru kamfanonin ƙasar suka cika kasuwa da ɗakuna masu faɗin ƙafa 8. A Disamban 2021 aka soke jarrabawar tuƙi ta musamman da aka ɗora tun 1997 a kan masu jan tirela mai nauyi, wato sabon direba ma yanzu yana iya jan babba.

A kan gurbi ake ganin sakamakon. Babban karaban na iyali, da ƙarfen jansa, yana kaiwa mita 8. A faɗi kuma ɗakin ya ci kusan mita biyu da rabi, rumfar tanti da ake kafawa a ƙofarsa ta ci wani mita biyu da rabi, motar ta ci kusan biyu. An tashi mita 7 ke nan tun ba a bar mita 3 na gobara ba. Shi ya sa a zangunan ƙungiyar Caravan Club, wadda ta sauya suna zuwa Caravan and Motorhome Club a 2017, ake kafa turke a bayan kowane gurbi, a umarci mai sauka ya daidaita ɗakinsa da turken. Wanda ya goce da rabin mita ya ci haƙƙin maƙwabci, kuma mai kula da zango zai sa shi ya gyara. Ɗakunan da aka shigo da su daga Jamus ko Holan sukan ƙara dagula tsarin, domin ƙofarsu a dama take, ta Birtaniya kuwa a hagu, sai rumfa ta fuskanci rumfa.

Tirelar tanti mai naɗewa, irin wadda kamfanonin Conway da Pennine suka yi suna da ita, tana da nata ruɗin. A kan hanya akwati ce gajera da ba ta kai tsayin mota ba. Idan an buɗe ta, gadaje na zarowa gaba da baya, rumfa da ƙarin ɗakin yara na fita gefe, igiyoyi da turaku na miƙewa, har ta ci filin da ya kai na babban karaban. Tana kuma son ciyawa ko ƙasa mai karɓar turke, abin da ke raguwa a zangunan zamani.

Masu zanguna sun bi sawu gwargwadon hali. An zuba tsakuwa a gurabe don kada nauyi ya nutse a laka, an ja wutar lantarki zuwa kowane gurbi, wasu an haɗa musu famfo da magudana, wasu wuraren an haɗe gurbi biyu ya zama ɗaya, kuɗin kwana ya tashi don cike giɓin. An kuma ƙirƙiro ƙaramin inji mai batir da ke murza tayoyin ɗakin bayan an kwance shi daga mota, mai shi yana tsaye da rimot yana saita shi. Abin da ba a iya faɗaɗawa ba shi ne hanyar zuwa. A Cornwall da Devon da Wales, inda aka fi son zuwa hutu, tituna da yawa faɗin mota ɗaya ne, da shinge ko katangar dutse hagu da dama, kuma zangunan kan gargaɗi baƙi su bi kwatancen da aka rubuta musu su ƙyale na'urar nuna hanya. Yawancin zanguna yanzu sukan tambayi cikakken tsawon ɗaki, da ƙarfen jansa, da ko akwai rumfa, kafin su karɓi kuɗin ajiye gurbi, wasu kuma ba sa karɓar mai taya huɗu ko kaɗan.