Ɗakin Ma Yana Cikin Kayan Sauti

A 1955 mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya binciki duwatsun Birnin Kudu da ke ƙara kamar ƙararrawa idan an doke su, a yankin da zanen Dutsen Mesa yake. Mutanen wurin sun san su tun kafin zuwansa. Abin lura a nan shi ne, abu mai tauri ba ya saurin kashe girgiza, ba ya kuma shanye sautin da ya faɗa masa. Mayar da shi yake yi.

Sabon falon da ake ginawa yau daga Surko har Gwaram, na bulo da siminti da tayil da gilashi, ƙaramin kogo ne. Mai gida ya kunna Shata, kalangu ya haɗiye baitin, sai ya ɗora wa sifika laifi ya nemi babba. Abin yana damuna, domin kuɗin ya tafi inda ciwon ba ya nan.

Masanin kimiyya Wallace Sabine ya fara binciken wannan matsala a Jami'ar Harvard tun 1895. An ba shi wani zauren lacca da kalma ke yin sama da daƙiƙa 5 tana yawo. Dare bayan dare yana shigo da matasan kujeru yana aunawa, har ya tabbatar cewa tsawon amsa-kuwwa yana ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan abin da ke shan sauti. Ɗakin iyayenmu mata ya riga ya cika wannan sharaɗi: katifa, labule, tabarma, tarin zannuwa, ga rufin azara da ba sumul ba.

Sauti mai kauri ne ke da taurin kai. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka tsakanin bango biyu masu tazarar mita 4, girgiza 43 a daƙiƙa takan taru ta kumbura, musamman a kusurwa. Idan tsawon ɗakin da faɗinsa ɗaya ne, matsalar ta ninku. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango bai isa ya taɓa wannan ba, ya yi siriri.

A tafa hannu a tsakar falo a saurari wutsiyar ƙarar. A shimfiɗa darduma mai kauri tsakanin kujera da sifika, a rataya labule mai nauyi a taga. Sifikokin kuma a janye su daga kusurwa, tazararsu da juna ta yi daidai da tazarar kowace da kunnen mai sauraro, sannan a sake tafawa.