Tarihin Kunkurun Teku Mai Bayan Fata

Kunkurun teku mai bayan fata, wanda masana ke kira Dermochelys coriacea, shi ne mafi girma a cikin kunkuran da ke raye a yau. Ba shi da ƙoƙon baya mai tauri irin na sauran kunkuru. Bayansa fata ce baƙa mai kauri, mai ɗigon fari, shimfiɗe a kan ƙananan ƙasusuwa, da tudu bakwai da suka miƙe daga wuya zuwa wutsiya. A taushin baya ya yi kama da kififiyar koguna, sai dai shi yakan kai kilo 300 zuwa 500. Mafi girman da aka auna shi ne wanda aka tsinta a gaɓar Harlech ta ƙasar Wales a 1988, mai nauyin kilo 916.

Yadda aka san shi

Masanin Italiya Domenico Vandelli ne ya fara ba shi sunan kimiyya a 1761, bayan an kama ɗaya a Ostia kusa da Rum, Fafaroma Clement na 13 ya ba da shi ga Jami'ar Padua. A 1816 Blainville, masani Bafaranshe, ya ware masa jinsinsa na kansa. Daga baya, da aka fara maƙala wa kunkuran na'urorin bibiya, aka gano cewa suna nutsewa fiye da mita 1,200, kuma waɗanda ke ƙwai a Papuwa ta Indonesiya kan ƙetare tekun Pasifik har gaɓar Kalifoniya don neman abinci. Abincin nasa kuwa jelifish ne, wata halittar ruwa mai santsin jiki, kuma maƙogwaronsa cike yake da ƙayoyi masu kallon ciki don kada ta kuɓuce masa.

Ƙwai da ƙyanƙyasa

Namiji ba ya komawa tudu tunda ya shiga ruwa. Macen ce ke fitowa cikin dare, tana jan jiki da ƙyar a kan rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kusan 80 tare da wasu ƙanana marasa gwaiduwa. Sai ta rufe, ta watsa rairayi ko'ina don ɓatar da sawu. Takan maimaita haka duk bayan kwana goma a cikin kaka guda, sannan ta huta shekara biyu ko uku. Bayan wata biyu 'ya'yan ke fitowa. Zafin rairayi ne ke yanke jinsinsu: in ya wuce digiri 29 mata ke rinjaye, in ya gaza haka maza.

Shekarun asara

Wannan fitowa tudu ita ta jefa shi hannun ɗan Adam. A jihar Terengganu ta Malesiya, musamman Rantau Abang, ana ƙirga ramukan ƙwai fiye da 10,000 a shekara cikin shekarun 1950, kuma kusan duka ƙwan ana kwashe su zuwa kasuwa. An buɗe wurin ƙyanƙyasa a 1961, amma kaɗan ne daga cikin ƙwan ke isa can. Lokacin da aka haramta sayar da ƙwan a 1989, bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin zuwa tsakiyar shekarun 1990 ramukan ba su kai ɗari ba. A Playa Grande ta Kosta Rika ma, matan da suka kai kusan 1,500 a ƙarshen shekarun 1980 sun ragu zuwa ƙasa da ɗari. A can cikin teku kuma ragar masunta da dogayen igiyoyin ƙugiya na hallaka manya, ga ledar da suke haɗiya a zaton jelifish ce.

Ƙoƙarin ceto

A Atlantika labarin ya fi daɗi. A ƙauyen Matura na Tirinidad, inda a da ake yanka matan a bakin ruwa, mutanen gari sun kafa ƙungiyar Nature Seekers a 1990, suka riƙa sintirin dare, har baƙi masu zuwa kallo suka zama hanyar samun abinci. A Afirka, ƙasashen gaɓar Atlantika sun cimma yarjejeniyar kare kunkuran teku a Abijan a 1999. Gabon ta keɓe gaɓar Mayumba a 2002, kuma wani bincike na 2009 ya nuna gaɓarta ce ta fi ko'ina yawan masu ƙwai. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayinsa na haɗari a 2013, amma na Pasifik har yanzu suna dab da ƙarewa.

Tarihin Terengganu da na Matura sun nuna abu ɗaya: doka ba ta amfani sai an yi ta da wuri, kuma mutanen bakin ruwa sun rungume ta.