Dutsen De Morgan da kaburburan da ruwan Kainji ya rufe

Yau daga Ingila za mu fara, mu dawo gida Warra.

Kusa da garin Woking akwai maƙabartar Brookwood, wadda aka buɗe a 1854. Mai ziyara zai tarar da wani dutse da aka sassaƙa wa siffar mala'ika da ta wata mace. Kabarin William De Morgan ne da matarsa Evelyn. Shi magini ne, ya yi suna da tayil da tangaran masu launi irin na Farisa. Ita kuwa mai zanen hotuna ce. Sun yi aure a 1887. Da ya rasu a 1917, ita da kanta ta tsara dutsen, George Frampton ya sassaƙa. A 1919 ta bi shi, aka haɗa su wuri ɗaya.

To amma fa ba dutsen kaɗai ya riƙe sunansu ba. Ƙanwar Evelyn, Wilhelmina Stirling, ta shafe shekaru tana tattara ayyukansu tana adanawa, har ta rubuta tarihinsu. Shi ya sa har yau ake zuwa kallon aikin hannunsu.

Mu dawo bakin ruwa. Mu ba ma sassaƙa siffa a kan kabari, addininmu bai yarda ba, kuma babu mai cewa a fara. Sai dai da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi mutum fiye da 40,000. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da ƙauyukan Gungawa da Kambari da dama a ƙasar Yauri suka bi ta, tare da maƙabartunsu. A cikin waɗanda ke kwance can akwai masassaƙan jirgi, da mata magina tukwane, da makaɗa. Ko wurin da za ka tsaya ka yi musu addu'a babu. Sunayensu suna bakin tsofaffi kawai.

Wanda yake ɗan shekara 15 lokacin tashin, yanzu ya haura 70. Lokaci ya ƙure mana.

Don haka wannan makon, ɗauki wayarka ka je wurin kaka. Tambaye ta wa ya gina tulun gidansu na da, wa ya sassaƙa jirgin mahaifinta, a wane gungu aka binne su. Naɗi muryarta, rubuta sunayen, ka ajiye.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.