Shuwaka

Shuwaka, ko shiwaka, ƙaramar itaciya ce mai ɗacin ganye wadda asalinta yankunan Afirka ne da ke kudu da hamadar Sahara. Masana tsirrai suna kiran ta Vernonia amygdalina, sunan da wani masani Bafaranshe, Delile, ya laƙaba mata a 1826. Yarbawa na ce mata ewuro, Ibo kuma onugbu. Tsayinta kan kai mita 2 zuwa 5. Ganyenta dogo ne kore, furenta kuwa ƙanana ne farare da ke fitowa a dunƙule da rani, ƙudan zuma na son su ƙwarai.

Dasawa a gida

Ba kamar alayyafo ko yakuwa da ake sake shukawa kowace shekara ba, shuwaka sau ɗaya ake dasa ta, a yi shekaru ana cin ganyenta. Tana fitowa daga iri, amma reshe ya fi saurin kamawa. Da farkon damina akan sari reshen da ya ƙosa, mai ido uku ko huɗu, a soka shi a karkace cikin ƙasa mai laushi da aka gauraya da takin dabbobi. Idan itacen ya fi ɗaya, akan bar tazarar kamar mita guda. Tana son rana da danshi, shi ya sa a gidaje akan kafa ta kusa da rijiya ko makwararar ruwa. Tana jure fari, sai dai idan ba a ba ta ruwa da rani ba, ganyen kan ƙanƙance ya ƙara ɗaci.

Sirrin yawan ganye shi ne datsa. Idan ana yanke kan rassa, sai ta yi ta tofo daga gefe; idan aka ƙyale ta, sai ta miƙe ta yi fure, ganye ya ragu.

Amfani

Kafin a yi miyar shuwaka, akan yanka ganyen a murje shi da ruwa, wasu da ɗan gishiri ko kanwa, ana matsewa ana zubar da kumfa har ɗacin ya lafa. A Kamaru da ganyen ake yin miyar ndole. Ana yin asuwaki da icenta, masu maganin gargajiya kuma kan ba da ruwan ganyen don zazzaɓi da ciwon ciki. A tsaunukan Mahale na Tanzaniya, masani Michael Huffman ya ga birai nau'in cimfanzi marasa lafiya suna tauna ɓargon reshenta, abin da ya ja hankalin masu bincike ga sinadaran da ke sa ta ɗaci.